Faifan Kuloci na Huɗu

Ku matso, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku zuwa la'asar. Babu gizo a wannan, babu ƙoƙi. Mutanen da ke ciki kun san su, wasunsu kun sa hannu akushi ɗaya da su. Ni ban yi boko ba, karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, saboda haka mai alƙalami a cikinku ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Na ji abin da ake faɗa muku a gari, wai kakarku Kulu ce tsohuwar da ta tura ɗanta tseren mota don a yi mata guɗa. An yi tseren, kuma ni na ce a yi, ban musa ba. Amma wanda ya nuna muku wutsiya kaɗai bai nuna muku saniya ba.

Ubanku ɗan fari ne a wurina, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, yau ko gobe. Daga Kurgu munka dawo Bagudo bayan rasuwar kakanku, kuma ƙanena Mudi ne ya kama hannunsa ya kai shi gareji koyon aiki. Ku riƙe wannan, kada wani ya ce Mudi bai taɓa yi mana alheri ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, a bayana ya yi wayo. Sana'arsa kawo motoci daga Kwatano, ya ratso ƙasar Binin da su ya shigo ta Tsamiya, ubanku kuma da ya ƙware shi ke duba su kafin a sayar. Hannunsa na da albarka, kunnensa ya fi hannun. Sai dai ƙuruciya ba ta barin kowa. A wani biki a Sharabi, kafin ya auri uwarku Rabi, samari sunka zuga shi ya yi wasa da mota a gaban 'yan mata, motar ta kubce masa ta faɗa kwazazzabo. A kan ƙyauren ɗaki anka kawo mini shi, cinyar hagu ta karye wuri biyu. Wata huɗu mai ɗori na zuwa daga Matsinkai, wata huɗu ina kwashe abin da uwa kaɗai ke kwashewa. Ranar da ya fara taka ƙasa na sa ya yi alwala, na kira liman ya riƙe masa Alƙur'ani, ya rantse ba zai sake wasa ko tsere da mota ba muddin ina numfashi. Ɗingishin da kuke ganin yana yi, can ya samo shi. Shekara goma sha ɗaya ya riƙe rantsuwar nan, ko gwajin mota ya fita ba ya wuce gudun da tsohuwa za ta zauna ba ta kama kujera ba.

Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda anka shimfiɗa sabuwar kwalta ta bakin fadama, anka tare bakinta da duwatsu ba a buɗe ba. Miƙaƙƙiya ce kamar zaren saƙa. Samarin da ke harkar motoci, namu da na ƙetaren iyaka, sunka mai da ita filin tsere duk Juma'a in an sauko masallaci. Ba tsere ne mai nisa ba. Mota biyu ke jeruwa a gindin wata kuka, mutum ya tsaya a gefe ya ɗaga hula, ya sake ta, su tashi. Wadda ta riga kai kwalbati ita ta ci. Kafin ka gama Fatiha an gama. Saboda haka duk abin a tashi yake, wanda ya tashi da kyau ya riga ya isa. Gonar shinkafata na kusa da wurin, ina jin su ina neman tsari.

A shekarar ne Mudi ya kawo wa ɗansa Yazidu wata farar mota, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tana da wani abu a inji da suke kira tobo. Na gan shi da idona: kamanninsa na dodon koɗi, aikinsa na zugazugin maƙera, yana hura wa inji iska wuta ta ƙaru. Da ta iso, ubanku ya sa mata sabon faifan kuloci don na cikinta ya tsufa. Juma'ar farko Yazidu ya fita da ita, anka turo ta gareji da hannu, faifan ya ƙone. Ubanku ya sauke giya ya sa wani. Juma'a ta biyu haka. Ta uku haka. A nan ne Mudi ya zauna a majalisarsu ta bakin tasha, ya ce a gaban mutane ɗan 'yar'uwarsa jabu yake sa masa a mota. Maganar babba ba ta faɗuwa ƙasa. Kafin sati biyu, garejin da ba ka samun wurin taka ƙafa ya koma wurin kwanciyar awaki. Manyanku sun tuna ranar da sunka dawo daga makaranta suna kuka, an kira su ɗiyan Mai Jabu. Baba Sifana kuma, tsohon da ke shugabantar makanikan gari, ya aiko cewa za a zauna a kan maganar ranar kasuwa. In ta tabbata, ubanku ya rufe gareji, babu mai sake ba shi ko keke ya gyara a Bagudo.

Na kai masa abinci da rana, na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, faifai uku a ƙasa a gabansa. Zagaye suke kamar faifan rufe ƙwarya, amma na ƙarfe. Na ɗauki ɗaya. Fuskarsa ta yi sumul tana sheƙi, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi. Na kai hanci.

"Wanga ai ƙauri ne," na ce. "Wa ya bar tukunya kan wuta?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Inna, ke ma kin ji."

"Hanci ba ya tsufa. Gaya mini, mi ne aikin abin ga?"

Ya ɗauki faifan ya manna a tafin hannunsa. "Inji na juyawa nan, taya na jira can, wanga shi ne tsakani. In na taka da ƙafar hagu sun rabu, in na ɗaga sun haɗu. To mota mai tobo ba ta da ƙarfi sai inji ya ɗaga murya tobo ya cika da iska. In ka saki kuloci da wuta kaɗan, sai ta shaƙe ta yi maka tafiyar jaki, abokin tsere ya wuce. In ka cika wuta ka fizge ƙafa gaba ɗaya, sai taya ta yi ta juyawa wuri guda tana hayaƙi, ko wani ƙarfe ya karye ƙasa. Yazidu tsoron biyun ga yake yi. Sai ya taka totur har ƙasa, ya riƙe kuloci rabi, bai kama ba bai saki ba, har ya yi nisa. Faifai na gugar ƙarfe kamar ana wasa wuƙa. Ya dawo kuma, bai bari ta huce ba, ya sake. Ko daga Makka anka kawo faifai, Inna, haka zai yi."

Na nemi benci na zauna, don maganar ta zo mini har gida. Ubana jirgi ya tuƙa a kogin Kwara har ya tsufa, ni kuma shekara hamsin ina tuƙin tuwo, ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira su duka da suna ɗaya. In talge bai tafasa ba kinka zuba gari, tuwo ya kwanta ɗanye. In kinka juye gari gaba ɗaya, gudaji ne. In kuma kinka cika wuta kinka tsaya kina yayyafa gari kaɗan-kaɗan don tsoro, gindin tukunya ya kama, maƙwabta su ji ƙauri. Hagu na saki, dama na aiki, kuma akwai ɗan lokaci guda a tsakani wanda baki ba ya iya faɗa, hannu ne ya san shi. Na tuna kuma yadda nake jin farar motar nan daga gona, kuka mai tsawo kamar akuyar da anka ɗaure nesa da ɗanta, sannan iska ta kawo wannan ƙaurin.

"Ka gaya wa kawunka haka?"

"Na gaya mishi. Ya ce mai laifi ba ya rasa bayani."

"Saura nawa cikin kwalin da ka sayo?"

"Huɗu ne tare. Ɗaya ya rage."

Washegari da hantsi na tafi gidan Mudi. Na same shi a zaure shi kaɗai, na gode Allah, don ban so kowa ya ji ba. Ya tashi ya ba ni tabarma kamar yadda ya saba.

"Yaya, lafiya da kanki?"

"Mudi, ka janye maganar da ka yi a tasha. Ɗanka ne bai iya tashi ba. Ka kira shi ɗaki ka gaya mishi, ɗan'uwanshi ya koya mishi, ba wanda zai ji."

"Yau ke ce mai koya muna mota? Wace tasha kinka yi kwandasta?"

"Gindin murhu. Wurin da na dafa abin da ka ci ka girma."

Ya gyara zaman hularsa. "Yaya, ina kunyar ɗan fari? Tunda nike ban ga uwa ta tako da ƙafarta tana yabon ɗanta na fari ba. Dariya za a yi muna."

"Ban yabe shi ba. Cewa na yi kada a yanka shi da wuƙar gida."

"Abin da na faɗi na faɗi. Yazidu ya tuƙa mota har Kwatano ya dawo, ba wanda ya tura shi. In ɗanki na da gaskiya ya shiga motar ya gwada muna. Au, na manta. Kin ɗaure shi."

Ya san inda ya soka. Na tashi na naɗe masa tabarmarsa da hannuna na fito.

Kwana biyu sunka wuce. Ubanku yana fita gareji da safe ya share wurin da babu mota, ya dawo da yamma ya gaishe ni, ko da wasa bai ambaci rantsuwa ba. Uwarku ce ta yi maganar, muna sheƙar shinkafa a tsakar gida, ba ta ma kalle ni ba.

"Inna, ba zai roƙe ki ba, kin san shi. Gara ya kwashe mu mu koma Kurgu ya riƙe fartanya."

"So kike a sake kawo shi kan ƙyaure?"

"Ba ni so. Amma ga shi nan kullum yana mutuwa a tsaye. Ke kinka ƙulla, ke kaɗai ke iya kwancewa."

Ita ba ta ga wata huɗun nan ba, ni na gani. Na san ƙarar da ƙashi ke yi in mai ɗori ya ja shi. Amma na zauna na auna: ƙafa in ta karye akwai mai ɗori a Matsinkai, suna in ya karye ban san garin da mai ɗorinsa yake ba. Na tafi wurin liman, shi wanda ya riƙe Alƙur'anin. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi wanda ya fi, ya ciyar da miskinai goma kaffara. Ya ce kaffarar a kan mai rantsuwa take. Na ce hatsin na ubanku ne, tuƙin nawa. Sai ya tambaye ni:

"Inna Kulu, kin tabbata alheri ne, ba zuciya ba?"

"Malam, da zuciya a ciki, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gaskiyar ta fi ta yawa."

Ranar kasuwa na yafa mayafi na shiga zaman makanikai, mace ɗaya cikin maza cike da rumfa. Ubanku na gefe kansa a ƙasa, bai san zan zo ba. Mudi da Yazidu na kan benci na gaba. Baba Sifana ya ɗaga tabaransa da anka ɗaure da zare.

"Inna Kulu, motarki ce ta lalace?"

Anka yi dariya. Na bari ta lafa.

"A'a Baba, suna ne ya lalace, na kawo gyara. Akwai faifai ɗaya da ya rage cikin kwalin da waɗannan ukun sunka fito. A sa shi a farar motar a gabanka. Wanda ake zargi ya shiga ya tashe ta yadda ake tashi. In an gama a buɗe kowa ya gani. Rantsuwar da na sa shi, na kwance ta, liman ya sani."

Na ji ubanku ya ɗago kai, ban waiwaya ba. Yazidu ne ya fara magana, yana murmushi.

"Gwaggo, da wace ƙafa? Kuloci fa da hagu ake taka shi."

"Rufe muna baki," in ji Baba Sifana. "Kai da ke da biyu lafiyayyu mi ka yi da su?"

Mudi ya ce bai yarda a lallaɓa mota kamar amarya a ce faifai bai ƙone ba. Sai dai a yi tsere na gaske, karo biyar, da Idirisu, wani dogon Badandi daga wajen Segbana ta ƙetaren iyaka, mai baƙar mota, wanda ba a cika cinsa ba. Sharaɗinsa shi ne sai ubanku ya ci uku cikin biyar, kuma faifai ya fito lafiya. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Baba Sifana ya tambayi ubanku, ya ce ya yarda. Ni ma na kawo nawa: a sanar da mai gari, a kore yara da dabbobi daga bakin kwalta, kuma a bar ubanku ya huta tsakanin karo da karo gwargwadon yadda ya so. Mudi ya so ya ƙi na ƙarshen, Baba Sifana ya ce sanin lokacin hutu na cikin iya aiki. Ranar Alhamis anka sa faifan a gaban tsohon, ya karce shi da ƙusa don kada a ce an musanya, ya kulle motar a gidansa.

Ranar Juma'a tun asuba na ɗora tukunya. Tuwon dawa na tuƙa da miyar kuka da busasshen kifi, na zuba akushi goma, ni da uwarku munka bi gida-gida, makafi biyu, tsofaffin da ba su da mai kawo musu, da wata baƙuwa mai jinya. Da anka sauko masallaci na tafi na tsaya a kan kunyar gonata, inda ake ganin kukar da kwalbatin duka. Mutane sun cika gefen hanya har kan bishiyoyi.

Karo na farko, hula ta faɗi, baƙar mota ta tafi. Farar ta yi tari, ta yi tsalle ɗaya, ta ja jiki. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, ya saki da wuta kaɗan. Wani ya yi ihu daga kan bishiya, "Har motar ta koyi ɗingishi!" Dariyar ta zo mini har gona. Ubanku ya dawo a hankali, ya buɗe murfin inji, ya zauna a gindin kuka ya sha ruwa. Sannan ya cire takalmin hagu ya aje a kan saiwa. Ana ta yi masa tsiya, wai Mai Jabu ko barci zai yi, bai koma layi ba sai da ya taɓa motar da bayan hannu ya ji ta huce yadda yake so.

Karo na biyu na rufe ido na saurara, don kunnena ya fi idona. Muryar injin ta hau ta tsaya wuri ɗaya, ba can sama ba inda Yazidu ke kai ta, ta tsaya daram kamar ruwan da ya tafasa daidai. A ƙarƙashinta wani siririn fito ya taso, tobo ke nan ya cika. Na buɗe ido hula na faɗuwa. Farar motar ta zauna kan gindinta, taya ta yi ƙara ɗaya kamar ɗan tsako, sai kukan ya canza gaba ɗaya ya zama na abin da ya kama. Ba ja, ba ƙugi. Ta kai kwalbati Idirisu na bayanta. Na uku ma haka, bayan ya sake hutawa. Waɗanda ke kan bishiya sunka fara sauya baki, kun san mutane.

A na huɗu ƙafar ta ci amanarsa. Ta yi rawa ta kubce gaba ɗaya, taya ta tsaya tana juyawa, hayaƙi ya tashi fari, Idirisu ya tafi abinsa. Biyu da biyu. Ubanku ya fito yana jan ƙafa fiye da kullum, ya zauna yana murza cinya da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Na san abin da ke ransa. Hanya mai sauƙi ga ƙafar da ke rawa ita ce ta Yazidu: ya cika wuta ya riƙe rabi, ya ci tseren ya ƙone faifan. Na sauko daga kan kunya, na ratsa maza, na tsaya kusa da Baba Sifana na juya wa kukar baya.

"Baba," na ce da ƙarfi, "ka gaya wa mai farar mota, in talge ya tafasa ba a tsayawa shawara."

"Ya ji," in ji tsohon. "Har na Segbana sun ji."

Ban koma gona ba, nan na tsaya, zafin motocin na dukan zanena. Muryar ta hau ta tsaya. Fiton ya taso. Hula ta faɗi. Kai da kai sunka tafi, har na daina bambance fara da baƙa cikin ƙyallin kwalta. Sai na ga mutanen kwalbati sun watso da gudu suna ɗaga hannu. Da tsawon tabarma ɗaya ubanku ya riga Idirisu. Idirisu ya dawo ya fito daga motarsa, ya kama hannun ubanku ya ɗaga, ya ce da Hausarsa ta Dandawa, "Wanga gurgu, ƙafarshi na da kunne." Mata sun yi guɗa daga gonaki, amma ba ni ba. Ni na zauna a kan dutse, don rabin aiki anka yi.

A garejin Baba Sifana anka sauke giyar, da hannunsa, mutane sun yi zobe. Sai da la'asar ta yi sanyi faifan ya fito. Ga karcen ƙusa a jikinsa. Fuskarsa da kaushi kamar harshen saniya, babu sheƙi, babu shuɗi. Tsohon ya shafa da babban yatsa, ya kai hanci, ya aje shi kusa da ƙonannun uku, ya ce duk mai ido ya matso. Sannan ya ɗauka ya miƙa wa Mudi. Mudi ya mai da hannuwansa baya. Yazidu ne ya karɓa. Ya juya shi, ya shinshina, ya dubi ƙafar ubanku da har lokacin babu takalmi, ya ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Yaya, ƙaƙa kake yi?"

Ina jin wannan tambayar ta fi faifan yi wa Mudi ciwo. Baba Sifana ya ce daga yau duk wanda ya sake kiran jabu a kan wannan gareji, da shi yake. Mudi ya zo ya tsaya a gabana, idonsa ja.

"Yaya, kin ci. Kin suturta naki kin tuɓe nawa a kasuwa."

"Ɗaki na same ka, Mudi. Kai ka zaɓi kasuwa."

"To ki riƙe."

Ya juya ya tafi, ko motar bai waiwaya ba.

Baba Sifana ya rasu damina biyu bayan haka, makanikai sunka ɗauki gawarsa a kafaɗa sunka ƙi sa ta a mota, wai ya gaji da su. Idirisu ya koma ƙetare, kuma shi ya fara turo wa ubanku motoci daga can. Har yau masu zuwa da lambar Binin ta bakinsa sunka ji. Kwaltar anka buɗe ta da kaka, manyan motoci sunka hau, tsere ya mutu da kansa. Yazidu ya yi wata uku yana zuwa gareji a ɓoye da safe, ya cire takalmi ya koyi tashi. Yanzu shi ke jan babbar mota zuwa kudu, kuma in ya sauka garin nan gidan nan yake fara kawo gaisuwa. Uwarku Rabi ga ta nan, ku tambaye ta in na ƙara ko na rage. Ubanku ban sake sa shi rantsuwa ba, shi ma bai sake jera mota da kowa ba. Makanikai kuma shi sunka zaɓa ya zauna a kujerar Baba Sifana.

Mudi ya yi shekara tara bai tako ƙofar gidan nan ba. Duk salla ina aika masa abinci. Da farko yakan dawo da shi yadda yake, daga baya akushi ya riƙa dawowa a wanke, babu saƙo. Da ciwo ya kwantar da shi anka aiko mini, na tarar baki ya riga ya rufe. Na zauna na riƙe hannunsa har anka kira azahar, ban sani ba ko ya gane ni. Allah Ya jiƙansa, kuma kada in ji ɗayanku ya zage shi. Uba ne da ya tsaya wa ɗansa, sai dai ya tsaya a kan kuskure. Ni kuwa ga ni, na rasa ƙane tun shekarar tseren nan, rashin da babu mai mayar mini. Ku kuma kuna yawo cikin Bagudo, ana tambayar ku ɗiyan wa, kuna faɗa da ƙarfi ba ku sunkuyar da kai ba. Na sha auna biyun nan a zuciyata. Da za a mai da ni ranar kasuwar can, mayafin nan zan sake ɗauka.